In Mutum Ya Yanke Jiki Ya Faɗi A Kasuwa, Kada Mu Tsaya Kallo

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi magana da 'yan'uwana manoma da 'yan tireda a kan wani abu da ya faru a kan idona, wanda har yau in na tuna shi barci ba ya ɗaukata da wuri. Ni ba likita ba ne, karatuna bai wuce firamare ba. Da damina ina noman gero da dawa da wake, da rani kuma in kasa tireda a kasuwar garinmu, sabulu da ashana da sukari da ɗan man gyaɗa. Amma masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ina da maƙwabci a kasuwa, mai awon hatsi, rumfarsa tana jikin tawa shekara goma sha biyu. Ya girme ni da kamar shekara goma, saboda haka Yaya nake ce masa. Mutum ne ƙaƙƙarfa, shi kaɗai yakan ciccibi buhun masara ya aza a kan amalanke, ban taɓa jin ya kwana a asibiti ba. Wata rana a cikin watan Nuwamba na 2024, muna zaune da hantsi, sai ya dafe ƙirji ya ce mini, "Ƙanena, olsar nan ta dawo. Ji nake kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji, har hannuna na hagu ya yi sanyi." Na duba na ga gumi yana keto masa alhali ana sanyin hunturu. Malam Edita, ka san abin da na ce masa? Cewa na yi, "Yaya, jiƙa 'yar kanwa ka sha, zai faɗa." Ya sha, ya kuma aiki yaro kemis ya sayo masa maganin olsa.

Bayan kwana uku, ranar kasuwa, an idar da sallar azahar ke nan, yana cikin auna wa wata mata dawa, tiya a hannunsa, sai ya yanke jiki ya faɗi. Kafin ka ce kwabo mun fi mutum hamsin a kansa. Wani ya kwara masa ruwa, wani ya yanka albasa ya kara masa a hanci, wani yana neman cokali a sa masa a baki, wani yana fifita, wata tsohuwa tana cewa iska ce ta buge shi. Shi kuwa sai wani irin kakari yake yi jifa-jifa, mu kuma muna cewa alhamdu lillahi da sauran numfashi. Aka tafi neman mota, direban ya tafi cin abinci. Da ya zo aka tsaya cinikin kuɗin mai. Kafin mu isa asibitin ƙaramar hukuma an fi minti 40. Malamin asibiti ya duba shi, ya ɗago ya ce mana sai haƙuri, rai ya yi halinsa tun a hanya ko ma tun a kasuwa.

Da na je karɓar takarda, sai malamin asibitin ya tambaye ni, "Malam, da ya faɗi, wa ya danna masa ƙirji?" Na ce, "Likita, danna ƙirji kuma? Mutum yana fama da ransa a hau shi da danna?" Ya girgiza kai ya ce in na samu sukuni bayan sadakar bakwai in dawo ya nuna mini wani abu. Na koma, ya zaunar da ni kusan awa guda, kuma abin da ya koya mini shi ne dalilin wannan wasiƙa. Allah Ya saka masa da alheri.

Ga yadda na fahimci bayaninsa da kaina na manomi. Zuciya kamar injin ban-ruwa take a fadama, jijiyoyi su ne tiyo, sassan jiki kuma su ne fangali. Ita kanta zuciyar tana da ƙananan jijiyoyin da ke shayar da ita. In ɗaya ta toshe, wani ɓangaren zuciya yakan fara mutuwa, shi ne mutum zai ji nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, wani lokaci ya miƙe zuwa hannu ko wuya ko muƙamuƙi ko baya, ga gumi mai sanyi, ga haki, ga tashin zuciya. Wannan shi ne abin da Yaya ya ji, muka kira shi olsa. Mata da masu ciwon sukari kuwa wani lokaci ba su ma jin ciwon sosai, sai kasala da haki kawai. To in ba a kula ba, injin yakan iya tsayawa gaba ɗaya. Da zarar ya tsaya jini ba ya kaiwa ƙwaƙwalwa, ita kuwa ƙwaƙwalwa in ta yi minti 4 zuwa 6 babu jini sai ta fara lalacewa. Duk mintin da ya wuce ba a yi komai ba, damar tsira tana raguwa da kusan kashi 10 cikin 100.

Jama'a, ku yi lissafi da kanku. Wane ƙauye ne a ƙasar nan za a ɗauki mutum daga kasuwa a kai shi gaban likita cikin minti biyar? Ko a birni ba a samun haka. Ashe ke nan waɗannan mintoci na farko a hannun wanda yake tsaye a wurin suke, wato ni da kai, mai tireda da mai nama da ɗan dako da ɗan acaɓa. In injin ban-ruwa ya mutu ana tsakar rana, manomi ba ya naɗe hannu ya jira bakanike daga birni, guga yake ɗauka ya dinga ɗiba da hannu kada shuka ta ƙone. Danna ƙirji shi ne wannan gugan. Hannunka ne zai dinga tura jini zuwa ƙwaƙwalwa har a kai ga masu na'ura.

Ga yadda ake yi, kamar yadda aka nuna mini a kan mutum-mutumin roba. In babban mutum ya faɗi, ka durƙusa ka bubbuga kafaɗarsa ka kira shi da ƙarfi. In bai amsa ba, ka dubi ƙirjinsa na ɗan lokacin da bai wuce ƙirga goma ba. In ba ya numfashi, ko kuma kakari kawai yake yi jifa-jifa irin wanda Yaya ya yi, to ka ɗauka zuciya ta tsaya, domin wannan kakarin ba numfashi ba ne, shi ne ma ya yaudare mu. Nan take ka nuna mutum ɗaya ka kira sunansa ka ce ya nemo mota, ka nuna wani ka ce ya kira ma'aikacin lafiya a waya, saboda in ka ce "a nemo mota" kowa zai zaci wani ya tafi. Ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ban da katifa. Ka ɗora gindin tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinsa, a kan ƙashin nan na tsakiya, ka ɗora ɗaya hannun a kai, ka miƙe gwiwar hannu, ka danna da nauyin jikinka har ƙirjin ya lotsa santimita 5 zuwa 6, kamar faɗin yatsu uku, sannan ka bari ya taso. Ka dinga yi da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, kamar luguden mata biyu a turmi guda. Aiki ne mai gajiyarwa, saboda haka duk bayan minti biyu wani ya karɓe ka, amma kada a tsaya. A ci gaba har ya farfaɗo ya soma numfashi sosai, ko ma'aikacin lafiya ya karɓa. In za a ɗauke shi, a nemi a-kori-kura ko motar da za a shimfiɗe shi a ci gaba da dannawa a hanya, domin a kan babur ba ya yiwuwa.

Ga babba, dannawa kaɗai ta wadatar in ba ka iya hura iska ba. Yaro ƙarami da wanda aka tsamo daga ruwa kuwa suna bukatar a haɗa da hura musu iska a baki, wannan sai an koya wa mutum ido da ido. In kuma mutum ya suma amma yana numfashi daidai, to ba a danna shi, a kwantar da shi a gefensa, a buɗe masa wuri ya sha iska, a kai shi asibiti. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa ko nono ko rubutu, zai iya shaƙe shi ya tafi huhu. Cokali a baki kuwa babu abin da yake yi sai karya haƙori.

Wanda kuma yake a farke yana kukan nauyin ƙirji da gumi irin na Yaya, kada a bari ya yi tafiya da ƙafa ko ya tuka babur da kansa. A zaunar da shi a jingine, a sassauta masa riga, a nufi asibiti a lokacin, kada a ce sai an tashi kasuwa. Malamin asibitin ya ce in akwai asfirin mai miligiram 300 a ba shi ƙwaya ɗaya ya tauna, muddin maganin ba ya ba shi matsala kuma ba ya da gyambon ciki mai zubar da jini. Amma ya ja kunnena ƙwarai, in baki ne ya karkace, ko hannu da ƙafa na gefe ɗaya suka saki, ko magana ta sarƙe, to wannan shanyewar ɓarin jiki ce, ba a ba da asfirin, sai dai a garzaya asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

Ba zan yaudari kowa ba. Ba duk wanda aka danna wa ƙirji yake tashi ba, da yawa ma ba su tashi. Sau da yawa zuciyar tana bukatar a girgiza ta da wata na'ura mai batir wadda ake manna wa a ƙirji, irin wadda take faɗa wa mai riƙe da ita abin da zai yi. Abin da masana suka tabbatar shi ne, dannawa da wuri tana ninka damar tsira sau biyu ko sau uku. Masu zuwa gidan kallon ƙwallo sun ga misali da idonsu. Ranar 12 ga Yuni 2021, ɗan wasan Denmak Christian Eriksen ya faɗi a fili ana wasa da Finlan, zuciyarsa ta tsaya. Nan take aka hau danna masa ƙirji, aka sa masa na'urar, ya farfaɗo, har ya buga gasar cin kofin duniya ta 2022 a Katar. Mu kuma da muke yara muna zagaye da rediyon iyayenmu, ba mu manta da ranar 12 ga Agusta 1989 ba, da Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na Legas ana wasa da Angola, ya rasu yana ɗan shekara 25. In zuciya za ta iya tsaya wa matashi ɗan ƙwallo, to wane ne ni da zan ce ƙarfina zai kare ni?

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini a majalisarmu ta bakin masallaci. Wani dattijo ya ce, "Ɗana, in kwana ya ƙare ko likitocin duniya za ka tara ba su ƙara minti ɗaya." Na ce, "Baba, gaskiya ne, kuma ban ce da na danna Yaya da yana raye ba, wannan sanin Allah ne. Amma wa ya gaya mana kwanan wanda ya faɗi ya ƙare? In yaro ya faɗa rijiya, igiya muke zurawa ko zama muke mu ce ajali?" Ya yi shiru. Malamanmu kullum suna karantar da mu cewa neman magani ba ya kore tawakkali. Kuma babu abin da ya hana wani ya dinga laƙƙana masa kalmar shahada a kunne yayin da wani yake dannawa, ɗaya ba ta hana ɗaya.

Wasu kuma tsoro ne yake hana su. Suna cewa in ka taɓa mutum ya mutu a hannunka, ko haƙarƙarinsa ya karye, danginsa za su ce kai ka ƙarasa shi, ka kwana a ofishin 'yan sanda. Wannan tsoron ba na banza ba ne. Haƙarƙari yakan karye wani lokaci, amma karaya tana ɗoruwa. Maganin wannan tsoro shi ne a sanar da kowa tun kafin abin ya faru. In dagaci da liman da sarkin kasuwa suka tsaya a bainar jama'a suka ce wannan taimako ne, kuma suna bayan duk wanda ya yi shi, to babu mai zargin wani. Haka kuma batun mata. Na tabbata in mace ce ta faɗi a kasuwarmu babu namijin da zai kai hannu ƙirjinta. To tunda mun san halinmu, sai a koya wa matan su ma, ungozomomi da malaman Islamiyya mata da masu sayar da abinci da fura, sannan malamai su yi wa jama'a bayanin hukuncin lalura idan babu mace a kusa.

Bayan wannan, rigakafi ya fi magani. Ranar da na koma asibitin, malamin ya ce in miƙo hannu ya auna ni. Ya samu 165 bisa 100. Ya sa na dawo sau biyu a wasu ranakun, bai sauka ba. Ya ce duk wanda awonsa yake kaiwa 140 bisa 90 ko fiye a kai a kai, to yana da hawan jini. Wallahi ban taɓa jin ko ciwon kai ba. A da ina cewa hawan jini ciwon alhazan birni ne masu cin kaji da yawan tunanin kuɗi, mu da muke wuni da fartanya ina zai same mu? Ashe a Nijeriya kusan babba ɗaya cikin uku yana da shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu shi ba su ma san suna da shi ba. Ita ce kuma ta ce cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun fi kowace cuta kisa a duniya, fiye da mutum miliyan 17 a shekara.

Yanzu kullum da safe ina shan ƙwaya ɗaya, kuma an gargaɗe ni kada in daina don na ji garau, domin maganin yana danne ciwon ne, ba ya tumɓuke shi. An ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, har da wanda yake cikin miya da yaji da burodi. Dunƙulen da muke jefawa a miya kusan rabinsa gishiri ne, ita ma kanwa 'yar'uwar gishiri ce a wajen tayar da jini. Ni mai sayar da dunƙulen ne da kaina, amma na ce wa maiɗakina ta rage, ta ƙara daddawa da albasa da citta, kuma tuwo bai fasa shiga ba. Sai taba sigari, wadda ba ta da wani amfani ga zuciya sai illa. Sai kuma haɗin ƙwayoyin gajiya da muke saya a leda in mun dawo daga gona, da yawansu magungunan ciwon jiki ne da ke tayar da hawan jini su kuma lalata ƙoda in an mayar da su abincin kullum. Matan da suka haihu kuma, in aka ga mai jego tana haki, ƙafafu sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine, kada a ce sanyi ne a ƙara mata kunun kanwa da ruwan zafi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka gano ciwon zuciyar masu jego ya yawaita a ƙasar Hausa. A kai ta asibiti.

Saboda haka ina kira ga shugabannin kasuwanni da na tashoshin mota, kowace ƙungiya ta cire daga kuɗin da muke biya duk ranar kasuwa ta sayi na'urar awon jini, kuɗinta bai kai na rago ɗaya ba. A roƙi ma'aikacin lafiya ya dinga zama a rumfar sarkin kasuwa ko sau ɗaya a wata yana auna mutane. A gayyato ƙungiyar agaji ta Red Cross da 'yan agajin ƙungiyoyin addini su koya wa aƙalla mutum goma a kowace kasuwa danna ƙirji, maza da mata, abin da ba ya cin wuni guda. A tsayar da mota ɗaya ta ko-ta-kwana duk ranar kasuwa, da kuɗin mai a ajiye a hannun ma'aji, kada a sake cinikin mai a kan mutum yana kwance. Akwai lambar gaggawa ta ƙasa, 112, kiranta kyauta ne, a gwada ta, amma mu na ƙauye mu rubuta lambar direbanmu da ta malamin asibitinmu a jikin bangon masallaci da rumfar sarkin kasuwa.

Ina kuma kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da gwamnatocin jihohi su sa na'urar girgiza zuciya a asibitocin karkara da manyan kasuwanni, su kuma wadata su da maganin hawan jini mai rahusa. Asibitoci su tuna dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba wanda aka kawo cikin halin gaggawa ko da wane dalili. Gidajen rediyo kuma, ranar 29 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar zuciya ta duniya, amma kada ku jira ta, ku sa wannan bayani cikin shirin manoma da muke saurare kullum. Limamai su ware ko minti biyar bayan sallar Juma'a.

Yaya ya bar mata biyu da 'ya'ya tara da bashin taki. Babban ɗansa ya bar makarantar sakandare, shi ne yanzu yake zaune a rumfar yana awo da tiyar ubansa. Kullum in na ɗaga kai na gan shi sai in tuna ni ne na ce a jiƙa kanwa. Rashin sani ya fi dare duhu, amma yanzu na sani, kai ma mai karatu ka sani. Na riga na koya wa yaron da mutum shida a layinmu, a kan buhun dusa muke gwadawa in kasuwa ta lafa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a majalisa da wurin mai shayi da cikin gida.

Allah Ya jiƙan Yaya da sauran waɗanda suka riga mu, Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa mu gama da duniya lafiya.

Naka mai karanta jaridarka kullum,
Wani manomi ɗan tireda,
daga Jihar Kano.